Zauren Tsohon Malami: Baƙo da Alli a Hannu

A watan nan na so in ci gaba da maganar kuɗin makaranta da muka faro, to amma sai wani abu ya gitta. Ran Juma'ar da ta wuce 'yar ƙanena ta zo gaishe ni, bayan mun gaisa sai ta ce, "Baba, na zo ne ka sa mini albarka, na sami aikin koya wa ƙananan yara Turanci a wata ƙasa can gabashin Asiya." Na ce madalla, wace irin biza aka ba ki? Ta ce wai dillalin da ya haɗa tafiyar ya ce ta shiga da bizar yawon buɗe ido tukuna, in ta isa mai makaranta zai gyara mata takardu. Da jin haka sai gabana ya faɗi, domin da irin wannan magana aka ɗauke ni aiki fiye da shekara 40 da suka wuce.

Manyanmu na zango ba su manta da halin da Gana ta shiga a ƙarshen shekarun 1970 ba. Zamanin kalabule ke nan, sabulu da sukari da madara sai an bi layi ko an san wani, kuma a 1977 hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin ɗari. Albashin malamin firamare ba ya kai shi tsakiyar wata. A daidai lokacin nan Nijeriya tana cikin kuɗin mai, Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja, ga shi a watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi ƙaranci. Malaman Gana dubbai suka ajiye alli suka nufi can. Ni ma a 1980, da takardar shaidata ta kwalejin horon malamai a cikin akwati, na bar Kumasi na nufi Kano.

A raina ina cewa ai ni gida zan koma. Kakana daga ƙasar Kano ya zo fataucin goro ya zauna a zango, Hausa muke yi a gidanmu, to wane baƙunci zan yi? Wata makarantar kuɗi ta nasare da firamare ta ɗauke ni, aka ba ni 'yan aji ɗaya. Ranar farko na ga wata yarinya ta yi rubutunta tsaf, sai na ɗaga allonta na ce wa aji, "Ku duba, yarinyan nan ya yi rubutu mai cau." Aji ya fashe da dariya. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Malam, ni fa mace ce, ta yi ake cewa, kuma kyau ake cewa." A nan na gane Hausarmu ta zango, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace a magana ba, wadda take cewa jara maimakon gyara, ta riga ta faɗi inda na fito tun kafin a tambaye ni fasfo. Daga ranar sunana ya koma Ticha ɗan Gana, har a kasuwa.

Wanda bai taɓa koyar da 'yan shekara biyar da shida ba yana zaton wasa ne. Rabin aikin share majina ne, da ɗaura igiyar takalmi, da raba faɗa a kan fensir, da lallashin wanda ke kukan uwarsa. In kuma kai baƙo ne, sai a ƙara maka wani nauyi, domin iyaye sun biya kuɗi ne saboda sun ji an ce malaman Gana sun iya Turanci, suna so ɗansu ya dawo gida yana yarawa tun a makon farko. Mai makarantarmu ya kafa doka cewa ba a yin Hausa a harabar makaranta, alhali manufar ilmi ta ƙasar ta 1977 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na unguwarsu a shekarun farko na firamare.

Na bi dokar nan har ranar da wani yaro shiru-shiru ya yi fitsari a wando a kan benci. Da na ja shi gefe na tambaye shi, sai ya ce da ni cikin kuka, ya daɗe yana jin fitsarin, amma bai san yadda ake neman izinin fita da Turanci ba, kuma yana tsoron ya yi Hausa a doke shi. Kunya ta kama ni fiye da yadda ta kama shi. Tun daga ran nan na sake salo: in faɗi abu da Hausa a hankali, in maimaita da Turanci, su maimaita bayana. Kafin ƙarshen zango na biyu ajina ya wuce ɗaya ajin a karatu, mai makaranta yana yabon Turancin Gana, bai san Hausa ce ta yi aikin ba. Su kuma yaran suna gyara mini tawa Hausar kyauta. Mafi yawan abin da kuke karantawa a filin nan 'yan aji ɗaya ne suka daidaita mini shi.

Ban manta alherin mutanen unguwa ba. Da hunturu na farko ya kusa kashe ni da sanyi, tsohuwar maigidan da nake haya ita ta ba ni bargo, tana cewa, "Ɗan nan, sanyin Kano ba ya jin Turanci." Da Babbar Salla nama ya riƙa shigo mini daga gidajen ɗalibaina har na rasa inda zan sa. Amma fa duk da haka in dare ya yi, kewar gida takan taso, ka tuna dokunu da kifi da barkono, ka tuna wasiƙar uwarka da za ta yi makonni a hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardu. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikinta damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90. Izinin zama da aiki wani abu ne dabam. Mai makaranta ya ce in bar masa, zai gyara. Duk ƙarshen zango in tuna masa, ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, ana kai." Shekara uku ana kai. A tsawon lokacin nan albashina bai kai na abokan aikina 'yan ƙasa ba, wani watan ma a jinkirta, ban isa in ɗaga murya ba, domin wanda ba shi da takarda ba shi da baki.

Ran 17 ga Janairu, 1983, ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shugaba Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardun zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe na tafe. Daga baya aka ƙara wa masu sana'ar ƙwarewa wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Na je wajen mai makaranta, ya ce shi ba abin da zai iya, albashina na wata biyu kuwa sai iyaye sun biya kuɗin zango. Har yau ban gan shi ba. Ranar da na yi sallama da aji, yaron nan mai shiru-shiru ya biyo ni bakin ƙofa ya danƙa mini sule ɗaya, kuɗin tararsa, ya ce, "Malam, ka hau mota."

Kimanin mutanen Gana miliyan ɗaya ne suka koma gida a lokacin, wasu ta jirgin ruwa daga Apapa zuwa Tema, mu kuma ta mota ta Kwatano da Lome zuwa Aflawo, da kayanmu cikin jakar nan mai zane-zane wadda har yau take ɗauke da sunan korarmu. Muka iske fari da gobarar daji da yunwa. A hanya na riƙa tuna watan Nuwamba na 1969, ina yaro, lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, muka ga maƙwabtanmu na zango, waɗansu ma a nan aka haife su, suna sayar da gadajensu da araha. Hausawa suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Duk wannan na zayyana wa 'yar ƙanena. Ban ce kada ta tafi ba, domin neman halal ba laifi ba ne, kuma abin da na koya a ajin nan na Kano ban same shi a kwaleji ba. Cewa na yi ta nemi makarantar kanta ta aiko mata da kwantiragi a rubuce, wanda ya faɗi albashi da wurin kwana da kuɗin jirgin komowa, a kuma buga mata bizar aiki a fasfonta tun tana gida. Kada ta miƙa wa kowa fasfonta ya ajiye mata. Ta riƙa ajiye kuɗin mota a gefe ko da yaushe. In ta isa kuma, kafin komai ta koyi yadda yaran ƙasar ke cewa suna jin ƙishirwa, ko fitsari, ko ciwon ciki, a harshensu. Ta ce, "To Baba, na ji." Shekaranjiya ta aiko mini cewa ta nemi dillalin ya haɗa ta da makarantar kai tsaye, tun ranar bai sake ɗaukar wayarta ba.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ya zo da irin wannan albishir, ku tambayi takardu kafin ku tara kuɗin jirgi. Tsofaffin malamai da suka yi zaman Nijeriya ko Laberiya ko Libiya, ku aiko da naku labarin ta hannun edita, za mu buga. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman abinci, amin. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.