Su Ƙyale Sunan Shehu

Masu cire ƴaƴa mata daga makaranta a ƙauyukan Tasawa da Mayahi sukan fake da addini, har da ambaton Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. To, ai shi ma uba ne. Ƴarsa Nana Asma'u, haihuwar 1793, a gidansa ta yi karatu, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa Ƴan Taru don karantar da matan karkara. Cikin Nurul Albab kuwa, Shehu ya caccaki malaman da ke koyar da almajirai suna barin ƴaƴansu cikin jahilci. Uban da ya aurar da ƴa tana aji shida ya nemi wata hujjar daban.