Janareta a Kulle, Mai a Gefe: Haƙƙin Wa Muke Ɗauka?

Masu jiragen ruwa suna da dokar da ba sa wasa da ita: ɗakin inji sai da mashigar iska da mafitarta. A Amurka ana umartar mai jirgin da injinsa na fetur ke cikin rufaffen ɗaki ya kunna fankar zuƙe tururi na minti 4 kafin ya tayar da injin, domin tururin mai ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi.

Kano ba ta da teku, amma ɗakunan inji sun cika ta. A zaga Kantin Kwari ko layukan Sabon Gari a gani: janareta a ƙarƙashin bene, an garƙame shi da kwaɗo saboda ɓarayi, jarkokin mai a jingine da shi.

In ka yi magana sai a ce, "Ai gas ne, ba ya kamawa." Gaskiya ne gas, wato dizal, bai kai fetur saurin kamawa ba, sai ya haura digiri 50 tururinsa ke cin wuta. To amma a watan Afrilu zafin gari kansa yana haura 40. Ina ga ɗakin da ba taga, inji na ruri tun safe? Tiyo ya tsage, mai ya fesa a kan salansa mai zafi, an gama. Ga kuma hayaƙi, musamman na ƙaramin janaretan fetur, mai ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi. Yaron shago ya kishingiɗa kusa da shi, daga barci sai salati.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Mai shago yana gida, wanda ke shaƙar hayaƙin ɗan wani ne da aka ba shi amana. Wuta kuwa ba ta tambayar shagon wane ne; gobarar Kasuwar Abubakar Rimi ta Maris 2016 ta cinye shaguna fiye da 3,000. Cewa "ƙaddara ce" ba ya wanke wanda ya toshe taga da hannunsa.

Shugabannin kasuwa da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, ku bi layi-layi. A fito da injuna sarari cikin kejin ƙarfe, a raba su da jarkoki, a hana zuba mai inji na aiki. Wanda ya ƙi, a rufe masa shago har sai ya gyara.