Allura ta huɗu

A watan Disamban 2024 Nijeriya ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, aka kuma soma da jihohin Kebbi da Bayelsa. Zaɓen Kebbi bai ba kowa mamaki ba. Binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar da aka gwada, adadin da ya zarce na kowace jiha. Wanda ya taɓa kwana a Yelwa ko Wara da damina ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma.

Sau huɗu ake yin allurar: yaro yana da wata 5, da 6, da 7, sai kuma wata 15. A ganina, nasarar shirin ta rataya ne a kan ta huɗun, kuma ita ce ta fi sauƙin suɓucewa.

Dalilin yana cikin yadda garkuwar jiki take gane baƙo. Ba ƙwayar cutar dungurungum take gani ba, wata alama ce take kamawa a jikinta, wadda ake kira antijen, kamar yadda makiyayi ke shaida saniyarsa da tambarin da ke cinyarta. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai nau'in B, kowace da irin alamar da take iya kamawa. Wadda ta dace da baƙon sai ta hayayyafa, ta zubo antibodi cikin jini, wasu daga 'ya'yanta kuma su zauna shekaru suna riƙe da kamanninsa. Shi ya sa ƙyanda ba ta cika kama mutum sau biyu ba.

Ƙwayar maleriya kuwa 'yar dabara ce. Idan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da take sauya riga da su. Kafin jiki ya gama koyon wannan, ta sa waccan. Saboda haka masanan Jami'ar Oxford suka tare ta tun a bakin ƙofa. R21 tana koya wa jiki furotin ɗin da ke lulluɓe ƙwayar a lokacin da sauro ya tofa ta, kafin ta kai hanta. To amma tafiyar gajera ce, ta mintoci ko 'yan sa'o'i, alhali ƙwayoyin da ke riƙe da kamannin baƙo suna buƙatar kwanaki kafin su farka. Dole ƙwayar ta tarar da antibodi jibge a cikin jini. Su kuwa raguwa suke yi wata bayan wata, sai allura ta huɗu ta sake ɗaga su.

Tsakanin ta uku da ta huɗu wata takwas ne. A Birnin Kebbi wannan ba komai ba ne. Ga uwar da ke tsibiri a Tafkin Kainji, ko a ƙauyen Shanga da ruwa ke yankewa, ranar asibiti kuɗin kwalekwale ce da asarar yini guda, ga yaro kuma lafiyarsa ƙalau. Iyalan masunta ma suna bin kifi, katin yaro a wani gari, shi a wani.

Ya kamata a daina auna shirin da yawan waɗanda suka karɓi allurar farko, a riƙa bayyana adadin waɗanda suka kammala a kowace gunduma. Ranar ta huɗun ta zo daidai da allurar ƙyanda ta biyu, don haka tafiya ɗaya ta isa, in har ma'aikata suka kai ta mashigin jirage da ranakun kasuwa maimakon jiran iyaye.

A kuma faɗa wa iyaye gaskiya tun ranar farko. A gwaji, inda cutar ke bin damina, allurar ta rage kamuwa da kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Wasu yaran da aka yi wa za su kamu duk da haka, kuma gidan sauro da maganin rigakafi na damina suna nan a kan aikinsu. Uwar da aka ce mata zazzaɓi ya ƙare, ta ga ɗanta kwance a watan Agusta, da wuya ta sake hawa jirgi domin ta huɗun.