A Gaida Tsohon Maharbi Tun Yana Jin Gaisuwa

Sharhinmu na yau daga yankin Zadawa ya taso, kuma a kan wani dattijo ne da ke kwance.

Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa ba su ba ni izini ba. Zan kira shi Baba, kamar yadda duk wanda ya taɓa bin sa daji yake kiransa. Shekarunsa sun ja. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, tana neman na biyun, ga kuma hawan jini da ya taɓa masa ɓarin jiki a daminar da ta wuce. Da na je dubiya na tarar da shi a kan tabarma a zaure. Bakansa yana rataye a bango, tsirkiyar ta saki, kwarin kuma ƙura ta lulluɓe shi. Na yi sallama, ya juyo da kunne maimakon ido, ya ce, "Wane ne?" Mutumin da a da yake hango kunnen gada a cikin sabara, yau sai da na faɗi sunan mahaifina ya gane ni. Na daɗe ban ji abin da ya sosa mini rai irin wannan ba.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai iya ɗauka harbi abu ne na ƙarfin damtse. Ba haka ba ne. Yaron da aka kai wa Baba sai ya yi rani guda, wani lokaci biyu, bai taɓa kibiya ba. Aikinsa ɗaukar gora da bin baya da rufe baki. A wannan zaman yake koyon bambanta sawun barewa da na akuyar Fulani, da gane sawun jiya da na yau da asuba. Baba kan duƙa ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ce wa yaro, "Ina ta nufa?" In ka bi dabba iska na bayanka, ka yi aikin banza, warinka ya riga ka isa. Daga nan sai awon nisa da ido. Ya nuna maka kuka ko kanya, ka faɗi taku nawa ne, sannan ka taka ka ga kurenka. Kibiya ba ta tafiya a miƙe kamar zare, tana yin ƙasa gwargwadon nisa, iska kuma tana karkatar da ita. Maharbin ƙwarai ya san wannan a jikinsa tun kafin ya ja baka.

Haka ma bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a sa harsashi, kuma harbi ɗaya gare ka. Kafin ka sake ɗuri, abin da ka kuskure ya yi nisa, ko kuma ya juyo kanka. Shi ya sa tsofaffin maharba suke sanya kan burtu su yi rarrafe, suna kwaikwayon tsuntsun yana kiwo, har su matso kusa. Baba ya fi kowa iya harbin nesa a zamaninsa, amma ya fi kowa ƙin yin sa ba dole. Yakan ce wanda ya raunata dabba ya bar ta ta tafi da kibiya a jiki, ya ɗauki alhaki.

Abin da ya sa nake cewa Baba na bin garin nan bashi shi ne wannan: ya koya wa yara harbi, amma abin da ya fi nanatawa shi ne lokacin da ba a harbi. Ba a harbin motsin ciyawa, sai an ga abin da ke motsa ta, don yana iya zama makiyayi ne ko mace mai itace. Ba a juya bakin bindiga wajen mutum ko da babu ɗuri. Ba a harbin dabba mai ciki ko mai goyo. Ba a sakin kibiya ba bisimilla, in kuma an tarar da dabbar da sauran rai, a yanka ta yadda addini ya tanada. Yaron da ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, Baba zai karɓe makaminsa ya mai da shi ɗaukar gora, ko ɗan wane ne. A wannan zamani da makami ya yi yawa a hannun waɗanda ba su da tarbiyyarsa, ku faɗa mini kuɗin da zai biya irin wannan karatu.

Mu mutanen ƙasar Katagum da Misau ba baƙi ba ne ga darajar masu sanin daji. Daga Azare marigayi Alhaji Ali Kwara ya fito, wanda ya shafe shekaru yana bin 'yan fashi da makami har maɓoyarsu a jihohin Arewa, yana ƙwato bindigogi, yana aiki tare da 'yan sanda. Allah ya yi masa rasuwa a Abuja a watan Nuwamba na 2020 bayan jinya, aka kawo shi gida Azare aka yi masa sutura. Duk wanda ya saurari rediyo a wancan mako ya ji yabon da aka yi masa, kuma ya cancanta. Allah ya jiƙansa. Haka kuma a Nuwamban 2014, bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a jihar Adamawa, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato garin. Daga Gombi sunan Aisha Bakari ya zagaya duniya, mace mai jagorantar mafarauta a cikin daji. Waɗannan su ne aka sani. To amma kowane ɗaya daga cikin mutanen da suka shiga waɗancan dazuzzuka yana da wani tsoho da ya fara nuna masa sawu a ƙasa. Wannan tsohon ba ya shiga jarida.

Farautar kanta ta canza, kuma Baba ya riga mu faɗa. Gonaki sun cinye dajin da ya sani yana saurayi, gwanki da bauna sun zama labari a wajen yaranmu, sai wanda ya je Yankari, inda aka keɓe tun 1956 kuma doka ta hana harbi. Ni ina ganin hanin daidai ne, shi ma bai taɓa musa shi a gabana ba. Sai dai sakamakon shi ne sana'ar da ta ci da shi tana ƙarewa a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Maharbi ba shi da fansho, ba shi da giratuti. Abin da ya tara almajirai ne.

To, ina almajiran?

Wasu na nan, kuma yabon gwani ya zama dole. Na ga wani matashi, yanzu ɗan banga ne, wanda kowace Juma'a yake zuwa ya yi wa Baba aski ya wanke masa kaya. Na ga wani da ya nome masa gona bana, ya kai gero har rumbu bai karɓi ko kwano ba. Allah ya saka musu da alheri. Amma su ƙalilan ne. Da yawa sun watsu Azare, Bauchi, Kano, har Kudu, suna gadi, suna aikin sa-kai, suna cin abinci da abin da suka koya a zauren nan. In an haɗu da su sai su ce, "Ai Baba ubanmu ne." Na yarda. Uban nan naku kuwa magani yake yanke masa kafin ƙarshen wata.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinku ba. Yanar ido ciwo ne da likitoci ke cirewa da ƙaramin aiki, mutum ya koma gani, kuma babban asibitin tarayya yana nan Azare, ba sai an tsallaka ƙasa ba. Hawan jini yana son awo a kai a kai da shan magani ba fashi. Ɓarin jikin da ya taɓu yana son gashi da motsa jiki, da mai haƙurin riƙe hannu. Mutum ashirin in suka yi karo-karo kowane wata, suka damƙa wa amintacce ɗaya, aka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, an gama da maganar magani. Sarakunan Baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba su ne ya kamata su ja gaba. Yadda ake busa ƙaho a taru don fita daji bayan kaka, haka za a iya taruwa a lissafa tsofaffin da ke kwance a kowace gunduma. Masu riƙe da ƙananan hukumomi, waɗanda ke neman maharba da tsakar dare in ɓarayin shanu sun shigo, su ma su tuna da su da rana, su sa sunayen tsofaffinsu cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba. Ranar da na je, na tambaye shi yadda ake haɗa dafin kibiya da kwankwani a da. Ya yi murmushi ya ƙi faɗa, ya ce wannan ba na kowa ba ne. Amma da na tambaye shi yadda ake gane inda ruwa yake a daji da rani, sai ya gyara zama, murya ta dawo, ya yi ta bayani har aka kira la'asar. Matarsa ta ce rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ciwon. Mutumin da ya saba a zagaye shi ana tambaya, kaɗaici na cin sa fiye da cuta. Ku je ku zauna, ku tambaye shi, ku ɗauki maganarsa a waya in ya amince, don jikokinku.

Baba, idan an kunna maka rediyo a zaure kana ji, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa wannan kwanciya ta zama kaffara. Ku kuma da ya riƙe wa hannu kuka ja baka karon farko, duk inda kuke, kada ku jira sanarwa. Ku kama hanyar gida wannan Juma'ar, ku gaishe shi yana ji.