Mai Gyaran Bindiga A Gida Da Shari'ar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane masu yawan gaske waɗanda ba sojoji ba ne, ba kuma maƙera ba, amma abin da suka ɗauka sha'awa shi ne su shiga garejin motarsu ran Asabar su kwance bindiga su sāke mata fasali, kamar dai yadda wani yakan wuni yana gyaran babur ɗinsa. Bindigar da suka fi so ita ce AR-15, wadda kamfanin ArmaLite ya fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950. Dalili kuwa, kusan kowane sashe nata ana iya cire shi a sa wani, tun daga matokarin kafaɗa har madubin saiti, kuma duk ana sayar da su a kanti. Yawancin wannan gyara halal ne a dokarsu. Ɗaya daga cikin wuraren da ake rigima shi ne wajen kunama.

Bindigar farar hula harsashi ɗaya take saki in an ja kunama sau ɗaya. Mashin-gan kuwa, muddin yatsa na danne, ba ta tsayawa. Tun 1934 doka ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan mashin-gan, sa'an nan a 1986 aka hana farar hula mallakar sababbi ɗungum. Wanda ya mai da tasa mashin-gan a gida yana iya shan ɗaurin shekara 10. To, amma dokar ba ta ce komai game da saurin harbi ba. Motsin kunama kawai ta ambata, nan kuwa masu dabara suka sami ƙofa.

Wani tsohon sojan sama a Teksas, Jeremiah Cottle, ya fito da matokari mai zamiya, wanda ke amfani da ƙarfin bugun bindigar yana mai da kunama kan yatsa a kai a kai. A 2010 hukumar ATF mai kula da sha'anin bindigogi ta duba ta ce wannan ba mashin-gan ba ne. Jama'a suka yi ta saye suna ɗaurawa, har ita hukumar ta ƙiyasta daga baya cewa waɗanda aka sayar sun iya kai 520,000.

Ana nan sai ran 1 ga Oktoba, 2017, wani mai suna Stephen Paddock ya hau bene na 32 a otel ɗin Mandalay Bay da ke Las Begas, ya buɗe wa taron masu kallon waƙa wuta. Cikin kamar minti 10 ya harba harsashi fiye da 1,000. Mutum 58 suka mutu, daga baya wasu biyu suka cika saboda raunukansu. Da yawa daga bindigoginsa suna ɗauke da irin wannan matokari.

Abin mamaki, gwamnatin Donald Trump, wanda masu bindiga suka mara wa baya, ita ce ta hana shi. A Disamban 2018 ATF ta lashe amanta, ta ce ashe mashin-gan ne, kowa ya lalata nasa ko ya miƙa kafin ƙarshen Maris na 2019, ba kuwa diyyar ko anini. Mutumin da ya sayi abu da kuɗinsa da izinin hukuma ya wayi gari yana dab da gidan yari, alhali kuwa ko harafi ɗaya na dokar bai canja ba.

Michael Cargill, mai kantin bindigogi a Teksas, ya miƙa nasa guda biyu, ya zarce kotu. Ran 14 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Mai shari'a Clarence Thomas ya ce tun da kunamar tana komawa ta sāke motsi a kowane harsashi, ba a cika sharaɗin mashin-gan ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi yarda, tana ganin abin da ke aikin mashin-gan ai mashin-gan ne. Wanda yake cikin taron Las Begas a daren nan da wuya ya ce ba ta da gaskiya.

Duk da haka laifin bai tsaya kan alƙalai ba. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ke cikin masu rinjaye, shi da kansa ya nuna cewa Majalisar Dokoki na iya gyara dokar in ta so. Majalisar ce ta yi shekara bakwai tana kallo ta bar wa ma'aikatan hukuma aikinta, don 'yan majalisa na tsoron ƙuri'un masu bindiga. Kwana kaɗan bayan hukuncin aka kawo ƙudurin hani gaban Majalisar Dattawa, sanata ɗaya ya ce bai yarda ba, maganar ta tsaya.

Saura jihohi, kowace da tata. Kalifoniya da New York sun hana, Nebada ma ta hana tun 2019, amma a Teksas ana ɗaurawa lafiya lau. Wanda ya ɗaura a garejinsa a can, in ya tuƙa mota da bindigar ya shiga Kalifoniya, 'yan sanda na da ikon kama shi.