Maiduguri: Kafin Direba Ya Kwanta Ƙarƙashin Hilux

Duk ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi Jihar Borno ya san irin motocin da ke ɗaukar nauyin tafiya a can. Hilux ce da Land Cruiser da Prado, masu tsayin ƙafa, waɗanda ke jure hanyar Monguno da Bama da Biu. Tun daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin gyara da na kayan gyara suka yi sama, sannan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 ta nutsar da motoci masu yawa a cikin gari. Saboda haka ƙananan ayyuka kamar juye baƙin mai da sauya birki sun koma tsakar gida, a hannun direba ko mai motar da kansa. Tattalin kuɗi ba laifi ba ne. Abin tsoron shi ne yadda ake ɗaga motar.

Hilux ta kai nauyin tan 2, babbar Land Cruiser kuwa ta kai tan 2 da rabi. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don sauya taya kaɗai, kuma littafin da kamfani ke haɗawa da ita yana gargaɗin kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak ne kawai ke riƙe da ita. Jak mai aiki da mai yana iya saki sannu a hankali idan robar cikinsa ta tsufa, balle wanda ya kwana cikin ruwan ambaliya ya yi tsatsa. Ga kuma ƙasar Maiduguri, rairayi ce. Gindin jak kan nutse ta gefe guda, motar ta karkata, kuma da yake doguwa ce, sai an ɗaga ta sosai kafin taya ta bar ƙasa, abin da ke ƙara mata saurin zamewa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A ajiye mota a kan siminti mai shimfiɗa ɗaya. Idan babu, a sa katako mai kauri da faɗi ƙarƙashin jak. A kashe inji, a sa giya, a ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Wannan wejin wajibi ne, domin birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, da zarar an ɗaga baya aikinsa ya ƙare. A sassauta notin taya tun mota na ƙasa. A kafa jak a wurin da littafin mota ya nuna, a jikin ƙarfen shasi ko aksul, ban da bamba da matakalar gefe. Bayan ta ɗagu, a sauke nauyinta a kan matokaran ƙarfe masu ƙafafu da aka rubuta ƙarfinsu a jiki, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin shasi, a girgiza motar da hannu kafin kowa ya sunkuya. Bulon siminti da ake yawan jerawa yana iya fashewa nan take ba tare da wata alama ba. Dogon jak ɗin da ake gani ɗaure a bayan wasu motocin daji kuwa na fitar da mota ne daga rairayi ko laka, kuma mariƙinsa kan yi tsalle ya bugi haɓar mutum.

Za a iya cewa wannan sha'anin direbobi ne da kanikawa, bai shafi mai zama a ofis ba. Amma sau da yawa gaggawar daga sama take fitowa. Mai gida zai kama hanyar Damaturu da sassafe, hadimi ya matsa lallai mota ta tashi kafin gari ya waye, direba ya ɗauki fitilar waya ya kwanta ƙarƙashinta shi kaɗai. Wanda ya ba da umarnin yana da kaso a cikin alhakin abin da ya biyo baya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma diyya ba ta mayar da ƙashin bayan da ya karye, kuma direban da mutum ya ɗauka da kansa sau da yawa ba ya cikin kowane rajista.

Ya kamata kowace ma'aikata da hukumar tarayya mai ofishi a Maiduguri ta sa matokaran ƙarfe biyu da weji da katako cikin kayan da ake miƙa wa direba tare da makulli. Farashinsu bai kai na sabuwar tayar Hilux guda ba. Sassan sufuri su nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko malaman kanikanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat su koyar da direbobi na yini ɗaya. Gyaran da ya wuce sauya taya kuma, idan babu waɗannan kayan, a kai shi gareji mai rami, ko da tafiyar mai gida za ta jinkirta da sa'a biyu.