Yaya Za A Raba Maƙiyi Da Makamin Ƙare-Dangi?

'Yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da aka ce wata ƙasa mai taurin kai tana neman makamin ƙare-dangi, sai mu ji manyan ƙasashe sun fara kaɗa gangar yaƙi. Mu dai a ganinmu, kafin a zare takobi, ya kamata a waiwayi abin da ya faru a wannan nahiya tamu.

Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda ba mu da maƙiyi kamarta a wancan zamani, ta ƙera bama-baman nukiliya har guda 6 a ɓoye. A 1977 tauraron ɗan'adam na Tarayyar Sobiyat ya hango shirin gwaji da take yi a hamadar Kalahari, kuma a wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta sayar mata da makamai. Takunkumin ya ƙuntata mata ƙwarai, amma bai hana ta ƙira ba. Sai da aka ƙulla yarjejeniyar 1988, sojojin Kuba suka fara janyewa daga Angola, Namibiya ta kama hanyar 'yanci, sa'an nan de Klerk ya sa aka wargaza makaman. A 1991 ƙasar ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya, masu bincike na duniya suka zo suka duba. Watau tsoro ne ya haifi bom ɗin, da tsoron ya kau sai ya zame musu kaya. Akwai masu cewa Turawan gudun kada ya faɗa hannun baƙar fata suka yi, mu ma ba mu musa ba.

Masu ɗokin kai farmaki kuwa su tuna da Iraƙi. Isra'ila ta ragargaza tashar Osirak a 1981, sai Saddam ya mai da aikin ɓoye, ya ƙara masa kuɗi da ma'aikata.

Saboda haka muna goyon bayan a matsa da takunkumi, a tura masu bincike, amma lalle a ba maƙiyin tabbacin zaman lafiyarsa, a kuma cika alkawari. A nan ne fa gizo ke saƙa. Gaddafi ya yarda ya daina a 2003, a 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi. Iran ta amince da yarjejeniya a 2015, Amurka ta fice a 2018. Duk wannan a kan idon Koriya ta Arewa aka yi shi, wadda ta fara gwada nata bom ɗin a 2006, kuma kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai shafa wa nasa ruwa zai yi. To, da wane baki za a je a ce mata ta ajiye?